Malaga da Giranada: Hutun bazara tsakanin bakin teku da fadojin Andalus

A kudancin ƙasar Sifaniya, cikin yankin da har yau ake kira Andalusiya, akwai birane biyu da tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kilomita 130 ba, amma kowanne da irin tasa rayuwar. Malaga tana kwance a gaɓar Bahar Rum, da tashar jiragen ruwanta da rairayin bakin teku. Giranada kuwa, wadda masu karatun littattafan Larabci suka fi sani da Garnaɗa, tana kan tudu mai tsayin sama da mita 700, a gindin duwatsun Siyera Nebada, kuma a nan ne fadar Alhambra take.

Haɗa biranen biyu a tafiya ɗaya yana da tushe a tarihi. Na tsawon shekara kusan 250 ƙasa ɗaya suke: Giranada ce mazaunin sarakunan Banu Nasar, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, Malaga kuma ita ce babbar ƙofarsu ta teku, inda alharini da busasshen ɓaure da tukwane masu ruwan zinari suke fita zuwa ƙasashen waje. Da Malaga ta faɗi a 1487, Giranada ba ta kai shekara biyar a tsaye ba. Wanda ya ga ɗaya ya bar ɗaya, rabin labarin ya ji.

A yau kuma akwai dalili na zahiri. Malaga ce ke da babban filin jirgin sama, na huɗu a yawan fasinjoji a Sifaniya bayan na Madrid da Baselona da Palma, ita ce kuma ke da teku. Giranada ke da ginin da miliyoyin mutane ke niƙo gari domin gani kowace shekara.

Lokacin tafiya

Abin da Turawa ke kira bazara, wato daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Satumba, ya yi daidai da damina a ƙasar Hausa da kuma dogon hutun makarantu. A Andalusiya kuwa watanni ne da ruwan sama ke ƙauracewa kusan gaba ɗaya. A Malaga iskar teku na sassauta zafin, yawanci a Yuli da Agusta ana tsayawa ne a wajen digiri 30 zuwa 31 da rana. Sai dai akwai wata busasshiyar iska mai zafi da 'yan garin ke kira teral, wadda ke gangarowa daga duwatsun arewa. Ranar da ta taso ma'auni kan haura 40, ruwan tekun kuma, abin mamaki, sai ya ƙara sanyi.

Giranada ta fi zafi da rana. Digiri 35 ba baƙo ba ne a Yuli, kuma ranakun da ake kai 40 ba su da wuyar samu, amma da yake garin na kan tudu, dare yakan yi sanyi mai daɗi. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai iya cewa wannan zafi ai gidansu ne. Bambancin shi ne a gida ba ya hawa tudu a kan duwatsu da tsakar rana yana neman ƙofar fada, kuma abin da ke kayar da baƙi da yawa ke nan.

Agogon Sifaniya a wannan lokaci yana gaba da na Najeriya da awa ɗaya, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9:30 na dare a ƙarshen Yuni da farkon Yuli. A kan haka aka gina rayuwar garuruwan: abincin rana daga ƙarfe 2 zuwa 4, ƙananan shaguna a rufe har wajen ƙarfe 5, abincin dare daga ƙarfe 9. Mai hankali shi ne wanda ya bi 'yan gari, ya fita da sassafe, ya fake da azahar, ya sake fitowa bayan la'asar. Wanda ke da zaɓi, Yuni da Satumba sun fi Agusta sauƙin zafi da cunkoso da tsadar masauki.

Malaga

Malaga na cikin tsofaffin biranen Turai. 'Yan kasuwar Finiƙiya, daga gaɓar da ake kira Labanon a yau, su ne suka kafa ta a ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka sa mata suna Malaka. Rumawa sun mulke ta, daga baya ta shiga hannun Musulmi a farkon ƙarni na 8 Miladiyya, ta zauna a hannunsu kusan shekara 770. Yau mazaunanta sun doshi 600,000, ita ce ta biyu a Andalusiya bayan Sebiya.

Akwai wuri ɗaya a tsakiyar garin inda mutum zai tsaya ya ga waɗannan zamunan a jere, ɗaya bisa ɗaya. A ƙasa akwai dandalin wasan kwaikwayo na Rumawa, wanda aka gina a zamanin Sarki Agustus, ƙasa ta binne shi ƙarnuka, sai a 1951 aka gano shi ana cikin wani aikin gini. A bisansa akwai Alkasaba, fada ce kuma sansanin yaƙi na ƙarni na 11, mai ganuwa biyu da ƙofofi masu lanƙwasa waɗanda aka yi domin kada mahara su shigo kai tsaye. A wasu ƙofofin ana ganin ginshiƙan marmara na Rumawa da magina Musulmi suka ɗebo daga ƙasa suka yi amfani da su. Can ƙololuwar tudun kuma, a tsayin kusan mita 130, akwai sansanin Jibralfaro, wanda Sarki Yusufu na Ɗaya ya faɗaɗa a ƙarni na 14 domin kare Alkasaba. Daga kan ganuwarsa ana hango tashar jiragen ruwa da filin wasa da bijimai da gaɓar teku har inda ido ya tsaya. Hawan yana da wahala da rana; akwai motar bas da ke kai mutum har ƙofa, saukowa a ƙafa ta fi sauƙi.

A waɗannan ganuwoyi ne aka yi ɗaya daga cikin mafi munin yaƙoƙin ƙarshen Andalus. Rundunar Sarki Fadinan na Aragon da Sarauniya Isabela ta Kastila ta yi wa garin ƙawanya daga watan Mayu na 1487, ta ƙasa da ta teku, har yunwa ta ci ƙarfin mutane suka miƙa wuya ranar 18 ga Agusta. Saboda turjiyar da suka yi, ba a ba su sassaucin da aka ba wasu garuruwa ba. Dubban mazauna aka mayar bayi, in ban da 'yan tsiraru. Babban bikin shekara-shekara na Malaga, wanda ake yi a tsakiyar Agusta, asalinsa tunawa ne da wannan rana, ko da yake mafi yawan masu rawa da kiɗa a titi yau ba wannan ne a ransu ba. A makon bikin masauki kan yi tsada, tsakiyar gari kuma kan cika da hayaniya da shaye-shaye tun da rana, abin da mai tafiya da iyali ya kamata ya sani tun kafin ya tsayar da rana.

A gurbin babban masallacin garin aka gina babbar majami'a, aikin da aka fara a 1528 aka dakatar a 1782 ba tare da an ƙarasa hasumiya ta biyu ba, shi ya sa 'yan gari ke mata laƙabi da La Mankita, wato mai hannu ɗaya. Kasuwar Atarasanas, inda ake sayar da kifi da zaitun da kayan marmari, tana da wata ƙofar marmara ta zamanin Banu Nasar. Wurin a da ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ce, teku na zuwa har bakin ƙofar. Yanzu sai an yi tafiya kafin a kai ruwa.

A nan aka haifi shahararren mai zane Pablo Picasso ranar 25 ga Oktoba, 1881, a wani gida da ke dandalin Mersed. An buɗe gidan adana zane-zanensa a 2003, kuma daga nan garin ya ɗauki hanyar tara irin waɗannan gidaje, har da reshen cibiyar Pompidou ta Paris da aka buɗe a bakin tashar ruwa a 2015. Ko ga wanda zanen zamani bai dame shi ba, wurare ne masu na'urar sanyaya ɗaki, kuma da tsakar ranar Agusta wannan ma dalili ne.

Bakin teku

Doka a Sifaniya ta mayar da bakin teku mallakar jama'a, ba a biyan kuɗin shiga. Abin da ake biya shi ne hayar gadon kishingiɗa da laima. Mafi kusa da tsakiyar Malaga shi ne Malageta, tafiyar minti goma zuwa sha biyar a ƙafa, kuma shi ya fi cunkoso. Yashinsa baƙi-baƙi ne, yana ɗaukar zafi ƙwarai, ba a taka shi da rana ba takalmi. Gabas da shi akwai Pedregaleho da El Palo, tsofaffin unguwannin masunta, inda aka yi shingayen duwatsu da suka raba gaɓar zuwa ƙananan tafkuna masu kwanciyar ruwa. Waɗannan sun fi dacewa da yara, kuma a nan ne 'yan gari suka fi zuwa.

A nan ne kuma ake cin abin da Malaga ta yi suna da shi, wato espeto: ƙananan kifayen sadin da ake tsirewa a jikin gora ko ƙarfe, a kafa su gefen wutar itace cikin wani ƙaramin kwalekwale da aka cika da yashi, ba a sa musu komai sai gishiri. Duk wanda ya san tukubar mai tsire zai gane aikin da kallo ɗaya. Da hannu ake ci, kuma watannin bazara ne kifin ya fi maiƙo.

Ruwan wannan gaɓa ya fi na sauran Bahar Rum sanyi, domin ruwan Atlantika na kwararowa ta mashigin Jibralta. Masu ceto suna kafa tuta: kore na nufin a shiga, rawaya a yi hattara, ja kuma an hana. A wasu ranakun akan sami wata halittar ruwa mai kama da lema, wadda suke kira medusa, mai harbi kamar kunama ƙarama, ita ma akan kafa mata alama. Wanda bai iya iyo ba kada ya wuce inda ruwa ya kai masa ƙugu. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112. Akwai kuma batun sutura, wanda gara a faɗe shi ƙarara: shigar bakin teku a Sifaniya ta yi nisa da abin da ido ya saba gani a Kano ko Damagaram, kuma ba wanda zai sauya saboda baƙo. Iyalai da dama kan zaɓi sassafe ko dab da faɗuwar rana, lokacin da jama'a suka ragu.

Jirgin ƙasa na kusa-kusa yana bi ta filin jirgin sama zuwa yamma har Fuwenhirola, garin da Larabawa ke kira Suhail, wanda ake danganta Imam Suhaili mai littafin Raudul Unuf da shi. Sansanin Suhail na nan tsaye a bakin ruwa. Ta gabas kuma, kimanin kilomita 50, akwai Nerha, mai ruwa garai-garai da wani katafaren kogo da wasu samari suka gano a 1959.

Hanya

Motar bas daga Malaga zuwa Giranada kan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma suna tashi a kai a kai. Tun 2022 akwai jirgin ƙasa mai sauri da ke bi ta Antekera, wanda ke isa cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, sai dai ba shi da yawan tashi kamar bas. Hanyar na ratsa gonakin zaitun, ta wuce ta Loha, mahaifar Lisanuddin Ibnul Khaɗib, waziri kuma marubucin tarihin Giranada.

Kamfanoni da yawa na sayar da tafiyar yini ɗaya daga bakin teku zuwa Alhambra a dawo. Ba ta wadatar ba. Ana isa ne daidai lokacin da rana ta take, a zagaya a gurguje, a koma ba a ga garin ba. Cikin hutun kwana bakwai ko takwas, Giranada ta cancanci kwana biyu cur, uku ma ba su yi yawa ba.

Alhambra

Abu na farko da ya kamata a saya, tun kafin a kama masauki, shi ne tikitin Alhambra. An ƙayyade yawan masu shiga a kowace rana, kuma a bazara tikitin kan ƙare makonni kafin lokaci. Yana ɗauke da sunan mai shi da lambar fasfonsa, ana kuma duba fasfon a ƙofa. An rubuta lokacin shiga fadojin Banu Nasar a jikinsa. Wanda ya makara ya rasa, ba lallashi. A shafin intanet na hukumar da ke kula da fadar ake saya a farashinsa na asali, sauran shafukan 'yan kayi-nayi ne masu ɗora riba. A bazara ana buɗewa daga ƙarfe 8:30 na safe zuwa 8 na yamma, akwai kuma ziyarar dare a wasu ranakun mako.

Sunan daga Larabci yake, Alhamra'u, wato ja, saboda launin ƙasar da aka yi ganuwar da ita. Muhammadu bin Ahmar, wanda ya kafa daular, shi ya fara ginin a 1238 a kan tudun Sabika, a zamanin da manyan biranen Andalus ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya: Kurɗuba a 1236, Sebiya a 1248. Giranada ta tsira ne ta hanyar biyan haraji ga Kastila, da kariyar duwatsu, da iya wasa tsakanin maƙwabta masu ƙarfi. Aikinsa na farko shi ne ruwa. An tare kogin Daro a can sama, kimanin kilomita shida daga fadar, aka janyo shi ta magudana a gefen dutse, ba famfo ba inji, sai gangara. Duk tafkuna da maɓuɓɓugai da lambunan da ake gani yau daga wannan dabara suka samo asali.

Alhambra ƙaramin gari ne da ke da fadoji da masallatai da gidajen wanka da unguwar ma'aikata. Abin da ya fi jan ido aikin sarakuna biyu ne, uba da ɗa. Yusufu na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1333 zuwa 1354, shi ya gina hasumiyar Komares mai tsayin mita 45, wadda a cikinta zauren karɓar jakadu yake. Rufin zauren an haɗa shi da gutattakin katako sama da 8,000, an jera su hawa bakwai domin kwatanta sammai bakwai. A gabansa akwai doguwar farfajiya mai tafki a tsakiya, ruwan a kwance har hasumiyar na bayyana a cikinsa kamar a madubi. Ɗansa Muhammadu na Biyar shi ya gina Farfajiyar Zakuna, mai siraran ginshiƙan marmara 124 da maɓuɓɓugar ruwa da zakuna 12 ke ɗauke da ita, inda magudanai huɗu ke ratsawa zuwa ɗakunan da ke kewaye.

Kayan ginin ba masu tsada ba ne: fulasta, katako, tubali da tayil. Gwanintar tana cikin aikin hannu. Mai iya karanta Larabci yana da rabon da sauran baƙi ba su da shi, domin bangon magana yake yi. Akwai ayoyin Alƙur'ani, akwai baitocin mawaƙin fada Ibnu Zamrak, akwai kuma taken gidan sarautar da aka maimaita ba adadi, mai cewa babu mai rinjaye sai Allah. Mafi yawan masu ziyara suna wucewa ne suna ɗaukar hoto, rubutun a wajensu ado ne kawai.

Can gaba a kan wani tudu akwai Heneralife, gidan shaƙatawar sarakuna da lambunansa. A tsakiyar Alhambra kuma akwai wani jibgegen ginin dutse da Sarki Karlos na Biyar ya sa aka fara a 1527, mai kusurwa huɗu daga waje, da'ira daga ciki. Gini ne mai kyau da aka ajiye a inda bai dace ba. Fadar ta sha wahala bayan haka: sojojin Faransa sun tarwatsa wasu hasumiyoyi da za su janye a 1812, marasa galihu sun zauna a ɗakunan sarakuna, har sai da littafin marubucin Amurka Washington Irving na 1832 ya jawo hankalin duniya gare ta. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1984. Zagaya ta a natse na cin awa uku zuwa huɗu.

Garnaɗa a zauren malamai

Ga almajirin ilimi daga ƙasar Hausa, wannan gari ba baƙo ba ne ko da bai taɓa ganinsa ba. Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan kotunan Shari'a a Arewacin Najeriya ke kafa hujja da shi har yau, Ibnu Asim ne ya rubuta shi, babban alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426. Alƙali Iyal, mai Ashafa, ya riƙe alƙalancin garin na ɗan lokaci a ƙarni na 12. Imam Shaɗibi mai Muwafaƙat a nan ya rayu ya kuma rasu a 1388. Makarantar da Yusufu na Ɗaya ya kafa a 1349 tana nan kusa da babbar majami'a, ɗakin sallarta da mihirabinsa sun tsira, yanzu tana hannun Jami'ar Giranada.

Mutanen garin ma sun isa Afirka ta Yamma. Abu Ishaƙ Sahili, mawaƙi ɗan Garnaɗa, ya haɗu da Mansa Musa a aikin Hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Tumbutu a 1346. Al'ada na danganta ginin masallacin Jingarebar da shi, ko da yake masana tarihi na jayayya a kan haka. Hasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a Giranada aka haife shi a ƙarshen ƙarni na 15, kuma littafinsa da aka buga a Benis a 1550 na cikin na farko da suka kai wa Turai labarin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir.

Bayan 1492

Rikicin cikin gida ne ya ƙarasa daular. Sarki Abul Hasan da ƙanensa Zagal da ɗansa Abu Abdullahi, wanda Sifaniyawa ke kira Bowabdil, sun yi ta yaƙar juna alhali abokan gaba na bakin ƙofa. Ranar 2 ga Janairu, 1492, Abu Abdullahi ya miƙa makullan garin bisa yarjejeniyar da ta lamunce wa Musulmi addininsu da masallatansu da dokokinsu. A watan Maris na shekarar aka ba da umarnin korar Yahudawa. Yarjejeniyar kuma ba ta kai shekara goma ba: daga 1499 aka fara tilasta wa mutane sauya addini, aka ƙona littattafan Larabci a dandalin Bib-Rambla. Haramta harshen Larabci da suturar gargajiya ya haifar da tawayen duwatsun Alpuhara daga 1568 zuwa 1571, sannan tsakanin 1609 da 1614 aka kori kimanin mutum 300,000 daga zuriyarsu daga Sifaniya baki ɗaya. Kaburburan Fadinan da Isabela suna cikin ƙaramar majami'ar sarauta a tsakiyar gari, 'yan taku kaɗan daga makarantar Yusufu.

Tsohuwar unguwar Albaisin, da ke fuskantar Alhambra ta tsallaken kogin Daro, ta riƙe fasalinta: lunguna masu murɗiya, fararen gidaje masu lambu a ciki, da tsofaffin rijiyoyin tara ruwa sama da ashirin. A ƙololuwarta, a dandalin San Nikolas, jama'a ke taruwa da yamma su kalli yadda rana mai faɗuwa ke rina ganuwar fadar. Dab da dandalin akwai Babban Masallacin Giranada da aka buɗe a 2003, lambunsa na kallon fadar ta kusurwa guda, kuma ya fi natsuwa. A ƙasa akwai Koral del Karbon, masaukin fatake na ƙarni na 14, da gidan wanka na Banyuwelo na ƙarni na 11, da layin Kaldereriya mai cike da shagunan shayi na 'yan Maroko. A kewayen babbar majami'a akwai mata masu miƙa wa baƙo reshen ganye kamar kyauta, su kama hannunsa su yi masa duba, sannan su nemi kuɗi. A wuce kawai.

Gaɓar Giranada

Ba dole ne a koma Malaga ta hanyar da aka zo ba. Babbar hanya na gangarawa kudu daga Giranada, ta gefen Siyera Nebada, inda dutsen Mulhasen yake, mai tsayin kusan mita 3,480, wanda ya ɗauki sunan Sarki Abul Hasan. Cikin kusan awa ɗaya an isa teku. Duwatsu sun tsare wannan gaɓa daga sanyin arewa, har ana noman mangwaro da fiya, kuma an yi ƙarnuka ana noman rake kafin masana'antar sukari ta ƙarshe ta rufe a Salobrenya a 2006. A Almunyeka ne Abdurrahman na Ɗaya, ɗan gidan Umayya da ya tsere wa Abbasiyawa, ya sauka a 755 kafin ya kafa mulkinsa a Kurɗuba. Bakin tekun nan tsakuwa ce fiye da yashi, amma ruwan ya fi haske, jama'a kuma ba su kai na yammacin Malaga ba. Daga nan hanyar gaɓa na bi ta Nerha ta koma filin jirgi.

Wannan tekun dai shi ne wanda ƙananan jiragen 'yan ci-rani ke ƙetarowa daga Maroko da Aljeriya, tashar Motril kuma na cikin wuraren da ake sauke waɗanda aka ceto. Samarin Afirka ta Yamma da ke yawo da tabarau da jakunkuna tsakanin masu kishingiɗa, da yawansu ta ruwa suka shigo.

Abinci, biza da masauki

Naman alade ya ratsa abincin Sifaniya fiye da yadda baƙo ke zato. Kalmomin da za a lura da su a takardar abinci su ne cerdo, jamón, chorizo da manteca, wato kitsensa, wanda kan shiga har cikin wasu kayan fulawa. Kifi da gaspaco, wato miyar tumatir mai sanyi da ake sha, su ne mafita mafi sauƙi, kuma duka biranen biyu na da gidajen abincin halal da yawa. A Giranada al'ada ce a kawo ɗan abin taɓawa kyauta tare da abin sha, ko da lemo ne, amma sai an tambayi abin da ke ciki. Lokutan sallah ma sun sauya: magariba bayan ƙarfe 9, isha'i wajen ƙarfe 11 na dare.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar na buƙatar bizar Shengen, wadda ke ba da damar zaman da bai wuce kwana 90 cikin 180 ba. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu, kuma ba a mayar da shi idan an hana. Ana neman inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki da tikitin dawowa, da shaidar kuɗin guzuri wanda Sifaniya ke lissafawa a kan sama da Yuro 100 ga kowane mutum a kowace rana. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma da yake samun ranar ganawa kan yi wuya a gabanin bazara, wanda ya bari sai Yuni ya makara. Babu jirgin da ke zuwa Malaga kai tsaye daga Najeriya. Akan yada zango a Kasablanka ko Istanbul ko ɗaya daga cikin manyan biranen Turai.

Sifaniya ta karɓi baƙi kusan miliyan 94 a 2024, kuma 'yan garuruwan sun fara kokawa. A ƙarshen Yunin shekarar dubban mutanen Malaga sun yi zanga-zanga a kan tsadar haya, suna cewa masu gidaje na fitar da 'yan haya domin su bai wa baƙi na kwana biyu ko uku. Daga farkon 2025 hukumar birnin ta dakatar da yi wa sababbin irin waɗannan gidaje rajista a unguwanni 43. Mazauna Albaisin ma na irin wannan kuka. Gidan haya na halal yana da lambar rajista ta gwamnatin Andalusiya a jikin tallarsa. Wanda babu ita, ana iya rufe shi ko a soke kamun da aka yi ana gobe tafiya, alhali da wannan takardar masaukin aka nemi biza. Ruwa ma ya zama abin lura: a farin da aka yi a 2023 da 2024 madatsar Binyuwela da ke gabashin Malaga ta kusa ƙafewa, garuruwa da dama suka rufe famfunan wanka na bakin teku, wasu kuma aka riƙa ɗauke musu ruwa da dare.